Kujerar da Malam Jika Ya Bar Mana Mu Ƙarasa

Ranar Talata, sha biyar ga watan Yulin 2025, ana tsakiyar ruwan nan na Jos mai sa mutum neman rigar sanyi, Kausar ta kira ni a waya. Ita ce ƙarama a ajinmu na koyon kafinta, kuma maƙwabciyar malaminmu ce a Anguwan Rogo. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta ce, "Baba Mahdi, Malam Jika ya cika." Na yi salati, na ce daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma. Bayan la'asar muka raka shi makwancinsa.

Malam, na san da kana nan da ka hana ni wannan rubutu. Da ka ce in ajiye biro in ɗauki zarto, tunda har yau yankana bai gama miƙewa ba. Ka yi haƙuri, yau ba ka da ikon hana ni.

Bayan na yi ritaya daga ma'aikatar gona na san ka. Zaman gida ya ishe ni, ni ma na ishi mutanen gidan. Wata Asabar na bi ta Kwararafa, sai na hango dattawa da mata a cikin shagon kafinta, kowa da fensir a bayan kunne. Na tsaya kallo. Ka ɗago kai ka ce, "Alhaji, kallo ba ya koya wa hannu komai. Shigo ka riƙe mini wannan." Na riƙe maka bakin katako, kuma tun daga ranar ban sake yin Asabar a gida ba.

Ba ka taɓa yarda aji ya fi yawan bencin aikin da ke shagon ba. Ka ce idan mutane suka yi yawa, ido ba ya kaiwa ga yatsun kowa. A rukuninmu akwai Datong, tsohon direban babbar mota daga Tudun Wada, mai hannu kamar guduma. Akwai Madam Firisila, wadda ta gama aikin jinya ta ce tana so ta iya gyara ƙofar gidanta ba tare da ta roƙi kowa ba. Sai Kausar, sai ni, da wasu da suka zo suka tafi. A garin da mutane da yawa suka daina tsallaka unguwar juna, mu kowace Asabar muna shan shayi a kan benci ɗaya, garin katako na faɗa mana a kofi. Ba ka taɓa yi mana wa'azi a kan wannan ba. Aiki kawai ka ba mu.

Amma kana da wata doka da ta ci mini tuwo a ƙwarya. A ajinka ba wanda ke ƙarasa abin da ya fara. Kowane mako sai kowa ya matsa benci na gaba, ya ɗora daga inda maƙwabcinsa ya tsaya. Na fara wani ɗan teburi, na goge shi sumul, ina ta washe baki. Da Asabar ta zagayo ka ce in miƙa wa Datong. Na ce, "Malam, wannan mutumin zai kashe mini teburi." Datong ya yi dariya ya ce, "Oga Mahdi, kwantar da hankalinka, ko mota na ban taɓa kashe shi ba." Ni kuma na gaji akwatin Madam Firisila, wanda murfinsa ke kallon gabas gindinsa na kallon arewa.

Na yi ta mita har ka gaji ka zaunar da ni. Ka ce, "Kafinta ba ya sanin ranar da zai bar aiki a tsakiya. Ka bar shi yadda na bayanka zai gane nufinka." Shi ya sa kafin mu tashi kowa sai ya ja layukansa da fensir, ya sa alama a gefen da za a yanke, ya sa lamba a gaɓoɓin da za su haɗu. Wanda ya gaji aikin kuma dole ya bi layin da ya tarar. Idan yana shakka, ya tambayi mai layin, kada ya gyara da ka. Teburin nan yana ɗakina yanzu. Akwai ɗan rami a gefensa inda hannun Datong ya zarce, kuma ba zan bari kowa ya cike shi ba.

Alherinka ba mai hayaniya ba ne. Kai ne kake zuwa Kasuwar Katako da kanka ka zaɓo mana busasshen katako, don kada a haɗa mu da ɗanye ya kunyata mu da damina. Lokacin da mahaifin Kausar ya ƙi yarda 'yarsa ta riƙe zarto, ba ka yi musu da shi ba. Ka aika masa da rehal, ɗan katakon ɗora Alƙur'ani, da ta yi, washegari shi da kansa ya kawo ta a keke. Da aka yi wa Datong rasuwa, ka kwashe mu muka je Tudun Wada muka gyara bencinan da masu zaman makoki za su zauna.

Abu ɗaya ne ba ka wasa da shi: azahar ba ta samunka a shago. Mun san dalili. Gwiwoyin matarka Hajiya Rabi sun daɗe da gazawa, a zaune take sallah, kuma idan ta zauna ba ta iya miƙewa sai an ba ta hannu. 'Ya'yanku duk sun yi nisa, wasu aiki wasu aure. Saboda haka kana sallamewa a masallaci sai ka wuce gida, domin tana nan zaune tana jiran hannunka. Muna tsokanarka da cewa ango zai tafi, kai kuma ka ce mu ci gaba da hassada.

Da ciwo ya fara cin ƙarfinka, sai muka ga ka fito da wani katakon madaci da ka daɗe kana ɓoyo a bayan shago. A zaune kake aikinsa, kaɗan-kaɗan, kana hutawa. Muka tambaya, ka ce, "Kujerar sallah ce, ta Hajiya." Ba ka ƙara ko kalma ba. A lokacin ban kawo komai a raina ba. Yanzu na gane kana shirya mata abin da zai tashe ta ne idan hannunka ya tafi.

Bayan an tashi daga zaman makoki, babban ɗanka ya buɗe mana shago. Kausar ta gaya mana cewa tun rasuwarka Hajiya kan idar da sallah ta yi ta zama a bakin gado har sai wata maƙwabciya ta leƙo, don ba ta son kiran mutane. Muka duba bencinka. Ga kujerar nan gunduwa-gunduwa, kowace gaɓa da lambarta, kowane yanka da layinsa, kamar ka fita ne ka dawo.

Sai dai layin ƙafafun ya tsayar da mu. Na gaba biyu ka ja musu layin da zai sa su gaza na baya tsawo, bambancin ya kai faɗin yatsa. Madam Firisila ta ce a makonninka na ƙarshe hannunka yana rawa, ta gani da idonta, kuma kujerar da ta karkata gaba tana iya zubar da tsohuwa. Madacin nan ba shi da na biyu, abin da aka yanke kuma ba ya komawa. Doka ta ce a tambayi mai layi, ga shi mai layi ya yi mana nisa. Ruwa na ta dukan kwanon shago. Can Datong ya ce, "Oga bai taɓa ja layi don wasa ba. In ya ce ƙafan gaba gajere ne, to gajere ne."

Yankan a kaina ya faɗo, domin ni ne na gaba a layin benci. Na yi bisimilla na bi fensirinka. Datong ya fafe ramukan haɗi, kuma ranar ce kaɗai na ga hannunsa ya yi laushi. Kausar ta haɗa da gam, Madam Firisila ta goge hannuwan kujerar har suka yi santsi, ta ɗaure ƙasan ƙafafun da roba don kada su zame.

Muka ɗora ta a keke mai ƙafa uku zuwa Anguwan Rogo gab da la'asar. Da yake Hajiya tana takaba, ni da Datong muka tsaya a zaure, matan suka shiga da ita. Muka ji an kira sallah, na je na dawo, Datong na nan zaune yana murza hularsa. Jim kaɗan labulen tsakar gida ya motsa, muka ji muryar Hajiya daga bayansa, kuma daga sama muryar ke fitowa, ba daga ƙasa ba. Ta ce, "Malam Mahdi, ku ne? Na idar, na dafa hannuwanta, sai ta miƙo ni gaba. Da kaina na tashi." Sannan ta ƙara da cewa, "Haka yake janyo ni."

Malam, na yi kuka a zauren nan, kuma ba kukan baƙin ciki kaɗai ba ne. Raina ya kwanta. Ka bar aiki a tsakiya kamar yadda ka ce kowa zai bari, ka kuma bar shi yadda muka gane nufinka. Iyalinka sun ce shagon ya zauna a buɗe. Asabar mai zuwa akwai sababbin ɗalibai, kuma za su matsa benci na gaba ko sun so ko sun ƙi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Rabi, da 'ya'yanka da jikokinka, da abokan sana'arka na Kwararafa, da duk wanda ya taɓa riƙe maka bakin katako. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Allah Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka, Ya ba iyalinka haƙurin rashinka, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Yadda ka yi shekaru kana miƙa hannu kana tayar da baiwar Allah daga wurin sallarta, Allah Ya riƙe hannunka ranar da za a tashe mu. Amin.