Kifin Yaya da Manuniyata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu turo min saƙo, "Hassana ina hularmu?", "Hassana ko aure kika yi ba gayyata?", ku yi haƙuri. Ba aure ba ne. Tun kafin damina nake jinyar hannun da nake ɗinki da shi, sai yanzu nake iya riƙe waya.

Kifi ne ya harbe ni. E, kifi, a ƙauyenmu na Minjibir. Ku yi dariyarku ku gama, a asibiti ma an yi min.

Yayana Nura ne ya zo da shi daga Legas. A shagon kifin ado yake aiki. Da komai ya yi tsada shagon ya rufe, aka sallame shi da akwatin gilashi, da sola mai ba akwatin wuta, da buhun gishirin teku, da kifi ɗaya. Wai kifin zaki. Ratsin ja da fari, dogayen ƙayoyi a gadon baya, fikafikai a baje kamar mafici. Da zai koma neman aiki ya ba ni dogon tsinke ya ce, "Da wannan za ki riƙa miƙa masa abinci. Kada hannunki ya shiga ruwan nan."

Wallahi tun farko raina bai kwanta da kifin nan ba. Ba ya iyo kamar kifi. Tsayawa yake cak, wani lokaci kai a ƙasa. In na shiga ɗakin da aka ajiye shi sai ya juyo a hankali ya zuba min ido. In na matsa, ya matsa. Kyanwar gidanmu da ba ta barin kifi ko a tukunya, ba ta taɓa tsallaka ƙofar ɗakin ba.

Ranar kasuwa nakan sayo ƙananan kifi, in yanka, in soka a tsinken. Sai kawai ya daina ci. In miƙa, ya kalli naman, ya kalle ni. Cikinsa ya shafe. Mu kuma nan, dabbar da ta ƙi ci hannu ake sa a ba ta. Haka na raini 'yar akuyata, haka Inna take ɗura wa kaza. Wata rana da hantsi na ajiye tsinken, na ɗauki naman da yatsu na tsoma.

Bai kawo min hari ba. Sunkuyar da kai ya yi, ƙayoyin suka miƙe, ya tsaya. Ni na kai manuniyata ta dama kansu.

Kunama ta sha harbina, amma wannan daban ne. Kamar an zuba min tafasasshen mai a cikin ƙashi, har hammata. Ina ihu, ina amai, gumi na zuba. Da na waiga, kifin yana cin naman da na saki.

Baffa Ilu, ƙanin babanmu, ya shigo a guje. Ya ce dafi dafi ne, yadda ake yi wa saran maciji haka za a yi. Ya ɗaure gindin yatsan tamau da robar keke. Inna ta tsoma hannun a ruwan randa, tana cewa, "Sannu 'yar nan, bari ya huce." Suka ce kada a kwance ɗaurin, dafin zai hau zuciya. Inna ta yafa wa akwatin zane, ta ce ba kifi ba ne wannan.

Aka wuni a haka. Yatsan ya kumbura, ya yi baƙi, sannan ya daina ciwo. Muka yi hamdala, mun zaci sauƙi ne.

Washegari Baffa ya goya ni a babur zuwa asibiti. Nas ta ce, "Kifi? A Minjibir?" Sai da na nuna mata hotonsa a waya ta daina murmushi. Ta yanke robar, ta ce mu wuce Kano.

A can aka ɗauki hoton hannun, aka ga guntun ƙaya a ciki. Likita ya ce, "Wannan dafin zafi ne maganinsa. Ruwan ɗumi sosai ya kamata a sa hannun. Ɗaurin nan kuma ya hana jini zuwa." Baffa ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ban taɓa ganinsa haka ba.

Aka cire ƙayar. Allurai, ƙarin ruwa, wankin ciwo kowace safiya. Akuyata aka sayar aka biya. Kullum likita ya soka allura a kan yatsan ya ce, "Kin ji?" Kullum in ce a'a. Tsoro nake ji ƙwarai, don da yatsan nan nake jan zare, da shi nake ciyar da kaina da Inna.

Gaɓa biyu suka yanke.

Yaya ya dawo yana kuka, ya kai kifin wa wani mai irin akwatin a birni. Har yau ba na shiga ɗakin.

Na gode wa Allah da hannun bai tafi duka ba. Na gode wa likitoci da nas-nas, da Baffa da ya kwana a barandar asibiti har aka sallame ni. Kada wanda ya zarge shi, abin da ya sani ya yi. Masu hula, na fara koyon riƙe allura da yatsan tsakiya, ku ƙara min haƙuri.

Duk mai ajiye irin kifin nan, da tsinke ake ba shi abinci, ko zai shekara bai ci ba. In ya soke ku, kada ku ɗaure. Ku sa wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, ku tafi asibiti a ranar. Ciwon da ya yi baƙi ya daina zafi, ba warkewa ya yi ba.

Ranar da aka kwance bandeji na yi alwala da kaina, na ta da sallah. Da na zo tahiya na ɗaga manuniyata, na ji ta miƙe har farce. Na duba, babu komai a wurin. Na ɗaga guntun da ya rage, na ƙarasa shahadata.