Dakta Tuominen da Bututun da Ya Ƙaryata Ta

Ƙarfe bakwai na safe Dakta Noreen Tuominen take kakkaɓe ƙanƙarar takalminta a ƙofar sashen lissafi. Sai ta haɗa kofi, ta ja kujera kusa da bututun da ke ɗumama ofishinta, ta kasa kunne. Ni ne Wendell, mai kula da tukunyar da ke aika tururi cikin bututun nan.

Shekara talatin tana lissafin yadda abu biyu masu matsuwa ke gudu a hanya ɗaya, kamar tururi da ruwa. Duk duniya, masu gane rubutunta ba za su cika mota guda ba.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wata mujalla ta karɓi takardarta, wadda da ita za ta zama farfesa. Takardar ta kafa hujja cewa ruwa da tururi za su yi ta tafiya lami lafiya. Tana cikin yi mini bayani sai bututun ya buga, kwam!

Na ce, "Dakta, da alama shi bai karanta ba."

Ba ta yi dariya ba. Kwana tara tana bin hujjarta layi layi, har ta gano rami a shafi na arba'in: duk inda tururi ya kore ruwa ƙaf, lissafin ya rushe. Masu tantancewa ba su lura ba. Ta janye takardar, farfesancin ya bi ruwa.

Abin ya daɗe yana cina. Kuskuren da ba mai ganinsa, wa ya cuta? Da na tambaye ta sai ta ce, "Ni na gani. Ko ni ba mutum ba ce?"

Daga nan ta hana a gyara bututun, wai malaminta ne. Maƙwabcinta, Farfesa Dombrowski, kullum yana kuka: "Wendell, ofis aka ba ni ko maƙera?" Ran da na zo da sifana don in ɗaure bututun, ta tare ƙofa.

"Ka taɓa shi, in kayar da kai jarrabawa."

"Dakta, ni ai ba ɗalibi ba ne."

"Sai in yi maka rajista."

Ke ce wadda ƙarfe ya ƙaryata kika ba shi gaskiya, Dakta. Ke ce alƙalin da ya kama kansa ba mai ƙara.

Bana ta kammala sabuwar hujja, shafi ɗari da biyu. Na tambaye ta me ta gano.

"Wani lokaci bututun zai buga."

"Haba Dakta! Wannan ai na sani tuntuni."

"A da zato kake yi. Yanzu ne ka sani."

Ranar Juma'a ta yi ritaya, tana nan Daktarta. Da hannunta ta miƙo mini sifana. Minti huɗu gyaran ya ɗauka.

Mun gode, Dakta. Ku kuma 'yan sashen lissafi, duk ran da bututu ya musanta maganarku, kada ku yi saurin kirana. Ku fara jan kujera.