Mun Ɗauko Alhaji Ya Yi Magana da Bakinmu

Shekarun da ake bin layin sabulu da sukari a Ankara, babban birnin ƙasarmu, ni har da wani layin nake bi: na allura, a asibitin masu taɓin hankali, wata-wata. Tela ne ni a unguwar Mamobi. Allurar ta kwantar mini da kai, ban musa ba, amma ta bar ni da rawar hannu. Almakashi ya daina tafiya daidai, na ɓata yadin mutum biyu, masu kawo ɗinki suka fara janyewa.

Likita ba ya tambayar mara lafiya. Wanda ya rako ka yake kallo: "Yana barci? Yana faɗa?" Kai kana zaune kamar buhun gawayi.

A bencin jira muka san juna, mu bakwai daga Nima, Mamobi da Alajo. Akwai tsohon direban trotro, wato motar haya, da wuyansa ya sandare, da wata Hajiya mai sayar da wake da shinkafa, wadda miyau ke zubo mata har aka daina sayen abincinta. Muka yanke shawarar roƙon a rage mana allurar, ko a dinga tambayarmu yadda take yi mana.

Hajiya ta ce, "Mu shiga da kanmu mana. Bakinmu ya mutu ne?"

Ni na hana. Na ce a Zongo ba a zuwa gaban babba da bakin kai, ko wurin sarki sai da dattijo. Muka ɗauko Alhajin da nake haya a gidansa, don yana jin Turanci. Har goro muka kai masa.

Ranar, muka jeru a bayansa a gaban likita, ya yi ta zuba Turanci. A aji huɗu na bar makaranta, amma na gane: godiya yake yi. Wai tun da aka fara yi mana allurar nan unguwa ta samu lafiya, Allah ya saka, kada dai a bari magani ya yanke.

Na ce, "Alhaji, maganar hannun fa?"

Ya ce, "Yi shiru, ɗana, manya na magana."

Na miƙa hannuwana saitin fuskar likita, na ɗaga murya na ce ya duba. Bai duba ba. Sai ya tambayi Alhaji ko haka nake yi a gida, sannan ya rubuta wani abu a katina. Aka yi mana allura yadda aka saba.

A waje Alhaji ya ce ba a fara zuwa da ƙorafi, sai an sake komawa. Hajiya ta goge baki da gefen mayafi ta ce, "Malam tela, ka ga dattijon naka?"

Ba mu sake komawa da ƙorafin ba. Wata mai zuwa kowa ya zauna kusa da ɗan rakiyarsa, gaisuwa kawai. Alhaji ba mugu ba ne, abin da dattijo ke yi ya yi. Ni na kawo shi. Kafin Babbar Sallah na bar wa ƙanen matata shagon, yanzu ko maɓalli ba a ba ni in ɗinka.