Sifaniyancin da Na Koya a Shagon Gyaran Fanka

A shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki, lokacin da kowa ke cewa farar hula za su gyara ƙasa, aka rufe masaƙar da nake aiki a Kakuri. Shekara huɗu na yi a sashen zare. Wata Litinin muka je muka tarar da kwaɗo a ƙofa, mai gadi yana ta ba mu haƙuri kamar shi ya rufe. Na koma gida Sabon Tasha na zauna. Babana ya riga ya rasu, daga ni sai Mama da ƙannena mata biyu, duk muna kallon kaskon ƙosan da take soyawa a bakin titi.

A cikin wannan zaman ne Anti ta neme ni. Ba 'yar'uwarmu ba ce, 'yar garinmu ce dai, yarenmu ɗaya, cocinmu ɗaya, tana zaune a Barnawa cikin gida mai baƙin get. Kowa Anti yake ce mata. Ta ce tana da hanyar aiki a ƙasar Sifen, aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Wata takwas kafin nan ta tura ƙawata, wadda muke tsayuwa a inji ɗaya da ita a masaƙa, kuma kowa ya ga hoton da ta aiko sanye da rigar sanyi tana murmushi. Mama ta yi rawa a tsakar gida. Ni ma na yi murna, amma tun daga ranar barcina ya ragu. Ban taɓa wuce Jos ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a yi mini magana in tsaya kamar gunki, tsohuwar da nake kula da ita ta ce ruwa in miƙa mata wuƙa.

Na ce wa Anti ina so in koyi yaren. Ta yi tsaki ta ce, "Wane yare? Can za ki tsinta a titi. Kada ki je kina yaɗa maganar nan a gari." Ita kanta ba ta taɓa zuwa ba, 'yar'uwarta ce a can take karɓar 'yan mata.

Ban ji maganarta ba. A bayan kasuwar Kakuri akwai wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo mai gyaran fanka da dutsen guga, wanda muke gaisawa da shi tun ina zuwa aiki. An ce tun yana saurayi aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa wani tsibiri da suke kira Panya, suka yi aiki a gonakin koko na Turawan Sifen. Na same shi yana naɗa waya a cikin wata fanka, na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya dube ni ta saman tabarau. "'Yata, abin da na iya na gona ne da na coci. Amma zauna."

Ya jawo wani littafi marar bango daga ƙarƙashin tebur, ya yagi kwalin kwan lantarki, ya rubuta kalma ɗaya a bayansa: trabajar. Ya ce harafin j ɗin nan kamar h ake faɗinsa, daga maƙogwaro. Ma'anarta yin aiki.

"Kin ga ar ɗin nan na ƙarshe? Wutsiya ce. Yanke ta. Abin da ya rage shi ne gindi, ba ya motsi. Wutsiyar kawai za ki riƙa canzawa."

Ya rubuta su a jere. Trabajo, ina aiki. Trabajas, kina aiki. Trabaja, yana aiki ko tana aiki. Trabajamos, muna aiki. Trabajáis, kuna aiki. Trabajan, suna aiki. Ya ce ku da Hausa a gaba kuke sa mai yi da lokacin yi, ina, na, zan, su kuwa a baya suke maƙala shi, saboda haka in mutum yana magana kunnenki ya tsaya a ƙarshen kalma.

Kullum da hantsi nake zuwa, in ce wa Mama na tafi neman aikin wucin gadi. Mako na biyu muka shiga abin da ya wuce. Trabajé, na yi aiki. Trabajaste, kin yi. Trabajó, ya yi. A nan na fara rikicewa, domin trabajo da trabajó a ido ɗaya suke, sai ɗan ɗigon sama da inda murya ta faɗa. Sau goma Baba, yadda nake kiran dattijon ke nan, yana faɗa ina maimaitawa ba daidai ba. Na fashe da kuka a shagon mutane, na ce in wannan ya gagare ni a Kakuri, yaya zan yi a can? Ya bar ni na gama, sannan ya ce in sake. Daga nan ya ba ni trabajaba, wato aikin da mutum ya saba yi a da. Ya ce, "Ke a masaƙa, trabajaba. Ni a gonar koko, trabajaba." Na lokaci mai zuwa ya fi sauƙi, domin ba a yanke wutsiyar, ƙari ake yi mata: trabajaré, zan yi aiki, trabajarás, za ki yi, trabajará, zai yi. Da ya ga na riƙe, sai ya riƙa jefo mini wasu kalmomin masu irin wutsiyar nan in juya su da kaina. Cantar, yin waƙa, ita na fi so don ina cikin mawaƙan coci. Canto, canté, cantaré.

Wata rana ya ajiye abin da ke hannunsa ya tambaye ni wa zai kai ni, kuma ina takardar aikin. Na ce Anti ta ce ba sai da takarda ba. Ya ce fasfo fa? Na ce yana hannunta. Sai ya ce su ma wani mutumin garinsu ne ya tara su, mai fara'a, har goro ya raba wa iyayensu. Ya ce kalmar da ya fara koya a tsibirin ba daga littafi ba ne, daga bakin mai bulala ne, yana ihu, trabaja! Na tattara kwalayena na ce Mama tana jirana. Ban gaya masa cewa kwana uku kafin nan Anti ta yanki ɗan gashina da farcena ta ƙulle a takarda ba, wai za a kai wa wani mai addu'a don hanya ta buɗe. Na san abin bai yi kama da addu'ar da na sani ba, amma na miƙa kai.

Saura kwana goma tafiya Anti ta aiko in zo Barnawa, ƙawata za ta bugo waya. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, ta Anti ce ta farko da na taɓa riƙewa. Muka zauna a falo da tsakar rana. Da wayar ta yi ƙara, ta miƙo mini, ta matso ta manna kunnenta a bayan wayar har ina shaƙar turarenta.

Muryar ƙawata ce, amma kamar mai karanta takarda. Ta gaishe ni da yarenmu, ta ce lafiya lau take, aiki yana da kyau, in yi sauri in zo. Don in burge ta na ce, "¿Trabajas?"

Sai ta ce da Hausa, "Wa ya koya miki?" Na ce ina ɗan taɓawa. Sai ta yi wata 'yar dariya, ta faɗi kalmomi biyu da sauri, ƙasa-ƙasa, kamar wasa: "Yoro. Yoraras." Ta sake faɗa. Na ji muryar wata mace a bayanta, wayar ta katse.

Anti ta janye kai ta kafe ni da ido. "Me ta ce?"

Gaskiya ban san gindin kalmar ba. Wutsiyoyin kawai na gane: ta farko tana cewa ina yin wani abu, ta biyu tana cewa za ki yi shi. Na ce, "Gaisuwarsu ce." Ban san dalilin da ya sa na yi ƙarya ba, bakina ne ya riga ni. Ta ce, "Ba na hana ki wannan shirmen ba?" Na ce a littafin makaranta na gani.

Na fito ina maimaita kalmomin a raina don kada su zube. Na hau acaɓa har Kakuri. Na tarar da Baba yana cin abinci, na faɗa masa ko gaisuwa babu. Ya ajiye cokali. Ya sa na sake faɗa sau biyu. Ya ɗauki kwali ya rubuta llorar, ya ce l biyun nan kamar y suke fita. Ya turo mini alƙalami. "Juya ta."

Na rubuta lloro, na rubuta llorarás. Na ce, "Baba, mene ne gindin?"

Ya ce, "Kuka."

Na zauna a kan wata tsohuwar fanka. Ina kuka. Za ki yi kuka. Na ce wataƙila kewar gida take nufi, kowa ya yi nisa yana kuka. Baba ya ce, "In kewar gida ce, da ta faɗa da yarenku. Me ya sa ta zaɓi yaren da matar nan ba ta ji?" Sai na gaya masa maganar gashi da farce. Ya rufe shagon da ranar Allah, ya ce mu je wurin mamanki.

Mama ta saurare shi a tsaye, matsami a hannu, ƙosai yana ƙonewa a bayanta. Ba ta yi musu ba. Kafin la'asar ta sa ni a mota zuwa Kamazou, gidan gwaggona. Lokacin unguwar gidaje ne jefi-jefi, gonakin masara a tsakani.

Wata biyu na yi a can, kuma ban taɓa jin tsoro irin na waɗannan kwanakin ba. Duk motar da ta rage gudu a hanya sai in leƙa in ga ko Anti ce. In kaina ya yi ciwo in ce gashin nan ne aka fara aiki da shi. In na yi tuntuɓe in duba farcena. Na daina cin abinci sosai. Fasto ya zo sau uku ya yi mini addu'a, in ji sauƙi yini ɗaya, washegari abin ya dawo.

Ranar da Anti ta gano gidan ina wanki a bayan ɗaki. Na ji muryarta tana sallama, mai zaƙi kamar kullum. Na bar kayan a baho na kutsa cikin masara na kwanta rub da ciki. Ina jin komai. Gwaggo ta ce na tafi ƙauye. Anti ta ce babu komai, a dai gaya mini abin da na bari a hannunta yana nan, kuma wanda ya yi alkawari ya saɓa shi ya san abin da ke biyo baya. Gwaggo, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta ce, "Gashi ne, ya riga ya sake tsirowa. Ki fita mini daga gida." Na daɗe a kwance bayan motar ta tafi, tururuwa suna bina, na kasa tashi.

Abin da ya fi wuya shi ne zuwa wurin mahaifiyar ƙawata. Ni da Mama muka je, muka gaya mata abin da 'yarta ta faɗa a waya. Matar ta ce baƙin ciki nake yi don an fasa tafiya da ni, ta nuna mana hoton rigar sanyi, ta kore mu. Bayan mako guda sai ga ta a shagon Baba ita kaɗai, ta ce a sake faɗa mata kalmomin. Daga nan ta je wurin dattawan coci. Aka kira Anti, ba ta zo ba. Kafin wata ya ƙare gidan Barnawa ya koma hannun wasu 'yan haya, fasfona kuma ban sake ganinsa ba.

Ban mutu ba, ban haukace ba, amma sai da na shekara kafin in iya jin ciwon kai in sha magani kawai. Na samu aikin share-share a wata makarantar yara, daga baya na koyi ɗinki.

Ƙawata ta dawo bayan shekara huɗu. Ban san yadda aka yi ta fito ba. A kasuwar Sabon Tasha muka yi kiciɓis, ta rame, ta aske kanta, tana sayen tattasai. Muka tsaya muna kallon juna, mai tattasai yana jiran a miƙa masa leda. Ta ce, "Kin yi ƙiba." Na ce, "Zaman keken ɗinki ne." Ta tambayi Mama da ƙannena, na tambayi tata. Na karɓi ledar na riƙe mata, muka taka tare har bakin layinsu. Yanzu tana da shagon kitso kusa da nawa, 'ya'yanmu makaranta ɗaya suke zuwa. Abin da ta gani a can ba ta faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba.