Keken Ɗinkin Matata a Ɗakin Dillali

A shekarun tsuke bakin aljihu ina koyarwa a wata firamare a Durun, albashi kuwa sai ya ga dama yake zuwa. Damina ta kankama, masarata ta yi ruwan ɗorawa don rashin taki, ni kuma ko sisi. A kasuwar Gwarzo akwai wani dillali da ke ba manoma taki bashi zuwa kaka, amma sai ka ajiye masa jingina. Babu abin jinginarwa a gidana sai keken ɗinkin matata, wanda da shi muke cin tuwo duk watan da gwamnati ta manta da mu.

Kwana uku ina kewaye-kewaye kafin na faɗa mata. Ita ta kwance kan keken da hannunta, ta naɗe shi a tsohon zane.

"Malam, zuwa kaka dai ko?"

"Zuwa kaka, in sha Allahu."

Dillalin ya buɗe mini wani ɗaki a bayan shagonsa, cike da kekunan hawa da rediyoyi da garemanin shanu. Ya ajiye namu a kusurwa, ya danna kwaɗo. Bayan nan na shiga Gwarzo ya fi a ƙirga, mu gaisa da shi har da tambayar iyali, amma ban taɓa cewa ya buɗe in gani ba. A wajenmu wannan cin fuska ne, kamar ka kira dattijo ɓarawo. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan kunyar.

Da kaka na sayar da masara, na kai masa kuɗinsa cif. Ya karɓa, ya ce in dawo kasuwa mai zuwa. Na dawo, ya ce ta gaba. A ta uku na tarar da mutane cirko-cirko a ƙofar ɗakin, ga shi a buɗe, wayam. Ashe takin ma ba nasa ba ne. Wurin wani attajiri a Kano ya ɗauko bashi, ya jinginar masa da kayanmu, kuɗin da ke shigo masa kuma ya zuba a wata harkar da ta karye. Da attajirin ya gaji da jira, sai ya turo mota ta kwashe komai.

Muka kai ƙara gaban alƙali. Ya ce jingina amana ce, ba a sake jinginar da ita sai da izinin mai ita. Gaskiya ce tsantsa, amma dillalin ba shi da komai sai rigar wuyansa, yana kuka yana neman gafara. Na so in shaƙe shi, sai na tuna ni ma kayan wata na kawo masa.

Matata ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ana saura kwana goma Sallah ta miƙo mini yadin 'yarmu, da wani zare da ta ƙulla awon yarinyar a jikinsa.

"Malam, ka kai wa tela a Kabo," ta ce. "Ka tsaya a kansa don Allah, ba kowa ya iya wuyan rigar yara ba."