Goyon Ɗan Kwana-kwana

Tabkin Waca ya cika ya shanye hanya. Mota ta tsaya, kowa na naɗe wando yana kutsawa, ban da wani saurayi mai farin takalmi, gashi ya sha mai. Tun daga Magariya yake kaɗa mana takarda, wai an ɗauke shi aikin kwana-kwana a Damagaram: kashe gobara da ciro wanda ruwa ya ci. Da gani, ko guga bai taɓa ja wa uwarsa ba.

Ga shi yanzu ɗare a bayan wani tsoho mai amalanke, ya tattare ƙafafu.

"Baba, a hankali, kar takardar ta jiƙe!"

Tsohon, ruwa iya ƙirji, yana haki: "Riƙe ni da kyau, ɗana. Kar ka nutse mu rasa mai ceto."