Butar da Na Mayar Kanti

Ni mace ce mai mayar da kaya, ko in ce da can haka nake. In na sayi tocila na zo gida ta ƙi kamawa, washegari tana cikin jakata tare da rasit ɗinta. Na taɓa mayar da tsintsiyar roba saboda sandarta ta karkace. Maigidana yakan ce da za a bar ni, har tumatirin da ya ruɓe a firij sai na kai wa mai tebur ƙorafinsa. Ni kuwa ban ɗauki abin rowa ba, kawai ba na son a raina mini hankali. A ma'aikatar da nake, aikina duba fayil ne, in na ga wani abu bai yi daidai ba in mayar wa wanda ya kawo. Wannan halin nake tahowa da shi har gida.

Wata Alhamis da na tashi daga ofis na biya wani babban kanti a Garki don in sayi butar lantarki, irin ta robar nan mai araha da ake dafa ruwan shayi. Tamu ta daina aiki kwana biyu kafin nan, na jefar da ita a shara.

Dokar kantin ita ce, duk kayan lantarki sai an gwada shi a gabanka kafin ka fita. Akwai wani tebur kusa da masu karɓar kuɗi, da soket da jarkar ruwa. Mai kula da teburin za ta zuba ruwa, ta jona, ku tsaya har butar ta fara ƙara, sannan ta buga hatimi a bayan rasit. In babu wannan hatimin, mai gadin ƙofa ba zai bar ka ka wuce da kayan ba.

Matar da ke teburin sa'ata ce, ko ta ɗan girme ni. Gajeruwa ce, da ɗan ƙaramin gicciye a wuyanta, tana Hausa irin ta mutanen Filato, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Ta buɗe kwali, ta zuba ruwa, tana shirin jonawa sai aka ɗauke wuta. Muka jira janareta, shiru. Wani ya ce wai mai ake zuba masa.

Na duba agogo. Duk wanda ke kwana a Dutse Alhaji ya san irin cunkoson motocin da jinkirin minti goma ke jefa mutum a ciki a hanyar Kubwa da yamma.

Na ce, "Madam, buga mini kawai in tafi."

Ta ce, "Hajiya, oga ba ya son haka fa. Ka ɗan jira kaɗan, yanzu za su ta da shi."

Na ce, "Haba 'yar'uwa, Dutse zan je. So kike magariba ta same ni a titi? Sabuwa ce a kwalinta, me zai same ta?"

Ta yi dariya ta ce ita kuma Orozo za ta, mota uku take shiga kafin ta ga ƙofar gidanta, ba sai an ba ta labarin hanya ba. Ta waiwaya hagu da dama, ta juye ruwan, ta buga mini hatimin da sauri. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, na ce amin na fita.

A gida na jona butar a kicin, ko ɗan jan fitilarta bai kama ba. Na cire na sake jonawa, na bubbuga ta, shiru. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ranar Asabar na shirya. Maigidana yana karatun jarida a waya, ya ɗago ya ce, "Man da za ki ƙona zuwa Garki ya fi kuɗin butar nan. Ki bar ta, in na fita zan sayo wata a bakin titi." Na ce ba maganar kuɗi ba ce. Ya ce ya sani, maganar taurin kai ce. Na ɗauki makullin mota.

Tun daga ƙofar kantin na fara faɗa, don na lura a Abuja in ba ka ɗaga murya ba sai a ce ka dawo Litinin. Jama'a suka fara tsayawa da kwandunansu suna kallo. Aka kira oga, wani dogon mutum da waya biyu a hannu. Ya karɓi rasit, ya juya bayansa, ya ga hatimi.

Ya ce, "Hajiya, an gwada wannan a gabanki?"

Na ce, "Ba a gwada ba."

Ya sa aka kira matar. Ta zo tana goge hannu a jikin rigar aikinta, ta gan ni ta gane ni, har ta fara murmushi. Ya nuna mata hatimin ya tambaye ta wa ya buga. Ta ce ita ce. Ya ce ta gwada? Sai ta juyo ta dube ni. Ba harara ba ce, ba roƙo ba ne. Jira take in ƙarasa maganar, kamar yadda ake jiran wanda aka yi abu tare da shi.

Ni ma na san saura. Amma a take lissafi ya zo mini: in na ce ni na matsa mata, zai ce laifina ne, ba za a canza mini ba, ga mutane suna kallo bayan duk hayaniyar da na yi. Sai na sunkuyar da kai ina duba wayata, alhali ba wanda ya kira ni.

Ya yi mata faɗa da Turanci, ya ce ta je ofis ta jira shi. Da kansa ya ɗauko mini sabuwa, da kansa ya zuba ruwa ya jona har ta tafasa, yana ta ba ni haƙuri. Wadda na dawo da ita kuwa ba wanda ya ko buɗe kwalinta, ƙarƙashin tebur ya tura ta da ƙafa don in tafi in ba shi wuri. Na fita ina jin na yi nasara, ko da yake wani abu ya ɗan tsaya mini a rai.

Na isa gida, na jona sabuwar a kicin. Shiru.

Na tsaya ina kallonta. Buta ce da na ga ta tafasa da idona awa ɗaya da ta wuce. Maigidana ya zo ya ɗauke ta ya kai falo ya jona a bayan talabijin, nan da nan ta fara ƙara. Washegari mai gyaran wuta ya kwance soket ɗin kicin ya nuna mana waya ta ƙone ta ciki. Ba abin da muke jonawa a wurin sai buta, shi ya sa ban taɓa zarginsa ba. Maigidana ya yi ta dariya, ya ce ashe har tsohuwar ma zaluntar ta na yi. Ban yi dariya ba, kuma ban gaya masa abin da ya faru a kantin ba.

Kunya ta hana ni komawa sai bayan mako biyu. Na tarar da wani mutum a teburin gwaji. Na nemi oga na faɗa masa komai, da matsa mata da na yi, da maganar soket. Ya saurare ni sarai, sannan ya ce an riga an sallame ta. Ya ce ko butar lafiyarta ƙalau, hatimi dai ta buga ba ta gwada ba, kuma in ya mayar da ita bakin aiki gobe kowa zai yi. Na nemi lambarta, ya ce ba sa bayarwa. Ya tambaye ni sunanta ma na sani? Ban sani ba.

Tun daga nan shayin safe ya daina yi mini daɗi. Da butar ta fara ƙararta sai in ga matar tana juyowa ta dube ni. Wani lokacin ina tsakiyar duba fayil a ofis fuskarta za ta faɗo mini, da murmushin da ta fara bai ƙarasa ba. Na daina mayar da kaya. Akwai durowa guda a ɗakina cike da caja marasa aiki da fitilun da suka mutu tun ranar farko. Abokan aikina in suna gardamar ko ya dace mutum ya koma kanti saboda ƙaramin abu, sai in ce mai ya yi tsada, lokaci ma haka. Su ce Hajiya ta yi sanyi, tsufa ya zo.

Damina ta biyu bayan haka muka je Orozo ni da maigidana duba wani fili da aka yi mana tallansa. Muna dawowa ya tsaya a bakin titi ya ce in sayo mana gasasshiyar masara. Na sauka na nufi wata mata da ke fifita garwashi da murfin roba. Ita ta fara gane ni.

"Hajiya! Hajiya mai buta!"

Ta rame, hayaƙi ya sa idanunta sun yi ja. Ta tashi ta kakkaɓe mini benci da gefen zaninta. Maganar da na yi ta shiryawa a raina fiye da shekara, ga ranarta ta zo. Amma sai na tambaye ta gida da yara. Ta ce suna lafiya, babbar ce dai ta ɗan dakata da makaranta, sai Allah ya kawo wani aikin.

Sai ta ce, "Hajiya, ka yi haƙuri da abin da ya faru ranan nan. Na sa ka ka taso tun daga Dutse, ka ɓata Asabar ɗinka. Da na gwada shi da na ga ba ya aiki, da ba ka sha wahala ba. Abin yana damu na har yanzu."

Na ce, "Ba komai."

Ta ce, "Sabon da suka ba ka, yana yi?"

Na ce, "Yana yi."

Ta ɗaga hannu sama ta ce to an gode Allah, tunda ban yi asara ba. Ta naɗe mini masara huɗu a takarda, ta zaɓi wata mai laushi ta ƙara a kai ta ce wannan gyara ce. Maigidana ya danna hon. Na karɓa, na ce na gode, na shiga mota ban faɗa mata ba. Har yau tana can tana zaton ita ce ta cuce ni.